Na Koya Masa Tsayuwa

9 ga Agusta

Zuwa ga uwargidana Loretta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Mama? Ina fata kumburin ƙafar ya sauka, tana kuma shan maganinta ba tare da kun yi dambe ba. Yaya 'yarmu Simone da jikokina? Kin ce kin gaji da in kira waya in ce "lafiya lau" in kashe, gara in zauna in rubuto miki kamar lokacin da nake neman aurenki. To ga shi na zauna.

Yau makonmu biyu a sansanin horo na ƙwallon Amurka. Masu jifan ƙwallo biyu aka damƙa mini in horar bana. Wade Sorensen kin san shi, shekararsa talatin da shida yanzu. Har gobe in ƙartin nan biyar na gaba suka kewaye shi da jikinsu suka yi masa aljihu, tsayawa yake a ciki kamar an dasa shi, yana duba fili a natse har ya hango mai karɓa ya saki ƙwallo. Sai dai kafaɗar ta gaji, kowa ya gani. Na biyun shi ne wanda muka ɗauko daga jami'a, Tavion Merriweather, ɗan Alabama, shekara ashirin da uku. Loretta, ban taɓa ganin ƙafa irin tasa ba. Da aljihun ya fara rushewa, kafin ki ƙifta ido ya zille, ya bar ƙarti suna rungumar iska.

Su biyun suna shiri, abin har ya ba ni mamaki. Wade na kiransa Zomo. Jiya ya ce masa, "Kai Zomo, ka yi ta tsalle-tsallenka, wata rana kare zai riske ka." Tavion ya ce, "Baba Wade, kai da ko gobara ta tashi a filin nan sai an kawo mota an ɗauke ka?" Har mai shara sai da ya dara.

'Yan jarida ne ba su da dariya. Sun fara rubuta cewa yaron ƙafa ce kawai, a ba shi wata lamba a mayar da shi mai karɓa. Kin tuna wa aka taɓa faɗa wa haka. Shekara talatin da takwas ke nan da suka kira ni ofis suka ce hannuna ba laifi, amma irinmu masu gudu ba mu da kan jan ragamar ƙungiya. Ke kika ɗauko ni a tashar bas bayan shekara biyu, da jakata ɗaya. Na yi wa kaina alkawari ba za a yi wa yaron nan haka ina tsaye ba. Zan koya masa tsayuwa har bakinsu ya mutu.

Ki gaishe mini da Mama da mutanen coci.

Mijinki,
Thaddeus

14 ga Oktoba

Uwargida Loretta,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Mama. Na ji daɗi da kika ce ta fara takawa zuwa baranda. Rigar sanyin da kika aiko ta iso, ta kuma zo a kan gaɓa, don iskar tafkin da ke gefen garin nan ta fara cizo.

Kin ga dai yadda aka yi. Wasa uku Wade ya faɗi a jere, babban koci ya zaunar da shi ya sa Tavion. Mun ci biyu tun daga nan, amma duka da ƙafarsa ya ci su, kuma jaridu ba su fasa ba. Wani ya rubuta cewa muna wasa ba mai jifa, da barewa muke wasa.

Don haka kullum da safe kafin sauran su zo, ni da shi muna fili. Na zana da'ira da farin fenti, faɗinta taku uku. Yana ciki da ƙwallo, ni ina zagaye shi da sanda mai soso a baki, ina dukan kafaɗarsa, ina dukan cinyarsa, ina ihu, "Tsaya! Idonka a gaba! Tsaya!" In ƙafarsa ta tsallake fentin, mu koma farko. Ranar Laraba ya yar da ƙwallon ya ce, "Koci, ƙafar nan fa ita ta fito da ni daga garinmu Demopolis. Yanzu kuma ka ce in ɗaure ta?" Na ba shi labarina duka, abin da ko Simone ban taɓa faɗa wa ba. Ya sunkuya ya ɗauki ƙwallon ya koma cikin da'irar.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne maganar Wade. Ashe yana zaune a benci yana kallonmu. Da Tavion ya shiga wanka sai ya tare ni ya ce, "Thad, ni fa da kake gani ina tsayawa, ba jarumta ba ce, ba ni da zaɓi ne. Shi yana da shi. Kar ka ƙwace masa." Na ce masa wanda aka zaunar ba ya rasa wa'azi. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Sau biyu bana ina tuƙi na manta hanyar gidana, saboda dukan da kan nan ya sha. Matata ba ta sani ba. Ladan tsayuwa ke nan." Ya sa hularsa ya tafi.

Na ɗauka kishi ne, har yanzu ma rabin zuciyata haka take cewa. Amma maganar ta ƙi barina. Ki sa shi a addu'a, kar ki faɗa wa kowa.

Naki,
Thaddeus

29 ga Nuwamba

Loretta tawa,

Gaisuwa da fatan kun yi bikin godiya lafiya. Wannan ne karo na farko da kujerata ta zauna ba kowa a teburinki, ki yi haƙuri. Mama ta ci wani abu kuwa?

Ban ci ni kaɗai ba. Mahaifiyar Tavion, Odessa, ta zo daga Alabama ta gayyace ni. Ta gasa talotalo, ta yi ganye da gurasar masara, amma miyar kuɓewarta ba ta kama ƙafar taki ba, wannan tsakaninmu. Mace ce mai tsayi, ba ta da yawan magana, shekara ashirin tana tuƙa motar 'yan makaranta.

Kin ga wasan Lahadi ai. Sau huɗu ya ci da jifa, bai gudu ko sau ɗaya ba. Mutumin nan da ya kira shi barewa ya rubuta cewa yaro ya girma, ya zama mai jifa na gaske. Na yanke takardar na sa a aljihun rigata, ba zan ɓoye miki ba, sai da na share ido. Na karanta musu a tebur. Tavion na ta murmushi yana cewa, "Mama, kin ji ko? Na gaske!" Ita kuwa ta ajiye cokali ta dube ni ta ce, "Koci, tun yana ɗan shekara shida nake ce masa in ka ga sun taho ka gudu. Kai kuma ka ce ya tsaya. Allah ya sa ka fi ni sani." Na ce amin, muka ci gaba da ci.

Saura wasa huɗu. In muka ci uku mun shiga zagayen kifa ɗaya ƙwala. Ki gaida kowa.

Mijinki mai kewarki,
Thaddeus

16 ga Disamba

Loretta,

Ina fata kina lafiya, ke da Mama. Na ga kiranki goma sha ɗaya. Ban ɗauka ba don na san in na ji muryarki ba zan iya magana ba. Ki yafe mini.

Kin ga abin da kowa ya gani a talabijin, amma daga gefen fili ba haka yake ba. La'asar ce, dusar ƙanƙara na sauka kaɗan-kaɗan, saura minti biyu, suna gabanmu da maki huɗu. Aka miƙa masa ƙwallo, ya ja baya ya tsaya. Ɗaya daga cikin ƙartinmu na dama ya zame ya faɗi, mai tsaron bayansu ya shigo ba wanda ya tare shi, mutum mai nauyin buhu biyu da gudunsa. Ta hagu kuwa fili ne fetal, ko ni da gwiwar nan tawa zan wuce. Na ga kan Tavion ya juya can. Na ga ƙafarsa ta ɗaga. Sai ya mayar da ita ya dasa, ya ɗaga ido gaba, ya jira mai karɓa ya gama kwanarsa, ya saki ƙwallo. A daidai nan mutumin ya same shi tsakanin haɓa da ƙirji, suka faɗi tare, wuyan Tavion a ƙasa.

Mai karɓarmu ya cafke ƙwallon. Mutum dubu sittin suka tashi da ihu, ni ma har na ɗaga hannu. Sai na ga mai tsaron bayan nasu ya miƙe yana yafito likitoci da hannu biyu, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Tavion bai motsa ba. Hannunsa na nan inda ya faɗi, tafin na kallon sama, ƙanƙara na taruwa a ciki.

Ƙashi biyu ne suka karye a wuyan, lakar ta taɓu. Sun yi masa aiki na awa shida. Yana numfashi da kansa, yana magana, yana ɗan ɗaga kafaɗa. Daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya jin komai. Likita ta ce ba za ta yi mana alkawari ba, ba kuma za ta yanke mana ƙauna ba.

Tun jiya suke maimaita jifar a talabijin, suna cewa ba a ga jarumta irin wannan ba bana. Wani ma ya ambaci sunana, wai ni na gina shi. Na cire wayar talabijin ɗin daga bango.

Odessa na asibiti. Na je har bakin ɗakin, na hango bayanta, na juyo.

Ki yi mana addu'a.

Thaddeus

20 ga Janairu

Zuwa ga uwargidana Loretta,

Bayan gaisuwa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya. Yaya ƙarfin jikin Mama? Ki gode wa Fasto da wasiƙarsa, ki ce masa na karanta, amsa ce ban samu ba tukuna.

Kakar wasa ta ƙare mana, kin sani. Wade ya buga sauran wasannin, aka fitar da mu a zagayen farko, washegari ya ce ya ajiye ƙwallo. Shi ya zo har gida ya ɗauke ni a motarsa ya kai ni asibitin da aka mayar da Tavion. Bai ce "ai na faɗa maka" ba, da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi. A bakin ƙofa ya ce, "Shiga, Thad. Kullum sai ya tambaye ka."

Ya rame, an aske masa kai, an sa masa wani abu mai tauri a wuya. Da ya gan ni ya ce, "A'a, Koci! Ka ga yanzu na iya tsayuwa wuri ɗaya, ko sanda ba ka buƙata." Ya yi dariya, ni na kasa. Na durƙusa gefen gadon na ce ya yafe mini. Yana kallon rufi ya ce, "Na ga hanyar, Koci. A buɗe take. Rediyon da kuke mini magana ta cikin hular kwanona ya riga ya yanke, ba mai yi mini magana, amma na ji ka sarai kana cewa tsaya." Ya ce ba don in ji zafi ya faɗa ba, yana so ne wani ya sani ba ruɗewa ya yi ba, ya gani, ya zaɓa. Sai ya ce hancinsa na ƙaiƙayi, in sosa masa. Na sosa.

Odessa na zaune a kusurwa duk wannan lokacin, ba ta ɗago ba. Da zan fita ta biyo ni waje. Ta ce, "Ban yafe maka ba, kar ka ɗauka na yafe. Amma bayana ya fara ciwo, kuma ana so a riƙa lanƙwasa masa ƙafafu sau uku a rana don kar su sandare. Ka zo da ƙarfe takwas."

Ƙungiya ta ce in shirya in zagaya jami'o'i in duba sababbin masu jifa. Na miƙa musu takardar barin aiki ranar Juma'a. Na san na yi miki alkawarin dawowa ƙarshen wata, kuma na san nauyin Mama ke kaɗai kike ɗauka. Ina roƙonki ki ƙara mini lokaci zuwa bazara. In kin ce a'a, zan taho, ba zan ga laifinki ba.

Yau kwana tara ina zuwa. Nakan riƙe diddigensa da hannu ɗaya, gwiwar da ɗaya, in tura in jawo, sau ashirin kowace ƙafa. Suna da nauyi, Loretta, kuma da ɗuminsu, kamar yanzu zai tashi. Likita ta ce in wani abu zai dawo, daga babban yatsan ƙafa yakan fara, mu riƙa lura. Idan na gama sai mu zauna, ni a wannan gefe, uwarsa a wancan, shi yana ƙoƙari har gumi ya keto masa. Yatsan muke kallo.

Ki gaishe da Mama, da Simone da yara. Ina jiran amsarki.

Ni ne mijinki,
Thaddeus Burrell