Sakan Arba'in da Bakwai na Shiru

Zuwa ga aminina Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Yaya kunnen naka? Tun da ya daina jituwa da waya ka mayar da mu zamanin biro da takarda, har hannuna ya fara tuna yadda ake rubutu. Na sha gaya maka shekara goma sha biyu da abin sauraro maƙale a kai ba wasa ba ne, ka ce ai ni zan fara kurumcewa saboda ihun da nake zabga wa makirufo. Ga shi ni ina nan ina ihun, kai kana can kana sayar da littattafai hankali kwance.

Abu biyu ka tambaye ni. Na farko, cikin fina-finan da suka shigo mana studiyo bana don fassara, na Indiya da na Turanci, wanne ya kamata ka ɓata lokacinka a kai. Na biyu, lafiyar matata Malama. Bari in fara da mai sauƙin.

Na Indiya sun yi kyau a ido, wannan babu musu. Ka tuna lokacin da muke ɗora murya a kan jarumi yana tuƙa mota, bayansa kuwa zane ne ke wucewa? An wuce nan. Yanzu in aka nuna maka lungun unguwa har warin kwatar kake ji. Akwai ƙanana da suke yi a kan tela ko direba ko malamin makaranta, da 'yan wasan da ba su da wani kyan fuska amma sun san aikinsu. Waɗannan nake ba ka shawarar ka nema. Amma manyan, Dogo, sun koma filin dambe. Jarumi ɗaya, ƙarti hamsin, kowane naushi sai an rage gudun hoto an nuna maka haƙori yana tashi sama, a haka har awa uku. Waƙoƙin da muke ɗokin jira a da, yanzu a yanke su rabi, ko a jefa su can ƙarshe lokacin da kowa ya miƙe. Uwa ta ɓace, in ma ta fito don a kashe ta ne a minti na ashirin jarumi ya sami dalilin fushi. Ni da nake ci da muryar uba mai faɗa, a fim ukun ƙarshe duk maganata ba ta cika shafi biyu ba. Kuma har gobe ba su yarda mai kallo yana da hankali ba. Abin da ka gani ɗazu sai an sake nuna maka, kiɗa kuma yana ta zungurinka, yi kuka nan, yi dariya nan.

Manyan na Turanci sun fi ba ni haushi. Ƙatti cikin matsattsun kaya suna tashi sama, a rushe gari guda da kwamfuta, ba mai tsayawa ya tambayi ina mutanen da ke cikin benayen. Kashi na ɗaya, na biyu, na shida, duk labarin ɗaya ne, hoton kuma duhu kamar an ɗauke musu wuta. Ga mutanensu ba dangi! Mutum zai kwanta ciwo har fim ya ƙare ba ka ga gwaggo ko kawu sun leƙo ba. Amma ƙananansu sun san inda za su tsaya. Minti casa'in, sun faɗi abin da ya kawo su, sun kama gabansu. Mu dai masu fassara ne suke wahalarwa, don da kalma uku sun rufe baki, kai kuwa Hausarka tana neman tara.

Malama lafiyarta ƙalau. Tana gidan mahaifiyarta har yanzu, tana hutawa. Ina zuwa duk Asabar.

Ka gaishe min da mutanen gida, ka shafa kan autarku.

Naka har kullum,
Mai Tsawa

Aminina Dogo,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun wuni lafiya, kuma maganin kunnen yana yi maka aiki. Amsarka ta iso jiya. Na rubuta maka shafi biyu a kan fim, layi biyu a kan matata, kai kuma ka tsallake shafukan ka kama layi biyun. Ka ce hutun wata huɗu ba hutu ba ne. Na ji haushinka na yini guda, sannan na ga gaskiyarka.

Ka san mun rasa jaririyarmu a ranar da aka haife ta. Abin da ba ka sani ba shi ne, ba hutu Malama ta tafi ba. Sati biyu da fitowarmu daga asibiti ta haɗa kayanta. Ina tsaye a bakin ƙofa ina ta ba ta baki, abin da ta ce kawai shi ne, tunda na riga na san duk abin da ke bakinta, ba sai ta zauna ba. Na ɗauka zafin rashi ne. Duk Asabar nake zuwa da lemo da ayaba, in zauna a falon Mama, wato mahaifiyarta, in yi ta magana awa guda, ita tana kallon labule. Tsoro nake ji, Dogo, tsoron auren nan ya mutu a hannuna ban san abin da ya kashe shi ba.

Ranar Talata na gano, kuma a wurin aiki. Akwai wani ƙaramin fim na Turanci da muke yi, labarin wata mata da ƙanenta ya rasu. Bayan mutane sun watse sai ta shiga kicin, ta tsaya gaban famfo ta ba kyamara baya, tana riƙe da kofin da ya sha shayi da shi. Ba ta wanke ba, ba ta ajiye ba. Ba kiɗa, ba magana, sakan arba'in da bakwai cur. Injiniya mai haɗa mana sauti ne ya ƙirga a kwamfutarsa, yana cewa waɗannan mutane ba su da tausayin masu fassara.

Ba sai na tuna maka dokar gidan nan ba, kai ma ka yi aiki da ita: shiru ba ya wuce sakan biyar, don mai kallo zai zaci lasifikar wayarsa ce ta mutu, ya biyo mu da zagi. Ka kuma san dabararmu. Da zarar ɗan wasa ya juya baya, bakinsa ya zama namu, sai mu cusa masa abin da muka ga dama. Ban yi minti biyar ba na rubuta wa matar layi huɗu. Anti mai muryar iyaye mata ta shiga ɗakin ɗaukar murya ta karanta su da rawar murya, har Injiniya ya share ido. Wai na haƙura, haka Allah ya ƙaddara, na gode wa duk wanda ya zo, zuciyata ta yi sanyi.

Da aka sake kunna mana, sai na kasa kunne da kyau. Na san layukan nan. Ni na faɗe su a asibiti. Malama tana kwance ta juya fuskarta bango, 'yan uwa da malaman makarantarsu suna shigowa jaje, duk wanda ya yi mata magana kafin ya rufe baki na amsa a madadinta. Ta ce ta gode. Ta haƙura. Ta ce a bar wa Allah. Likita ya tambaye ta ko akwai abin da take so, na ce babu. Da muka dawo gida ma haka, yayarta ta kira a waya na karɓa na ce tana samun sauƙi. Ni a ganina kare ta nake yi, ina ɗauke mata nauyin magana. Ashe ta juya baya ne kawai, ni kuma na yi abin da hannuna ya saba.

Na ce wa Injiniya ya cire muryar Anti mu sake kallo. Ka ga ikon Allah, matar nan ba ta haƙura ba sam. Kafaɗarta ce ke faɗa, da yadda ta damƙe kofin nan har yatsunta suka yi fari. Fushi take yi. Mu kuma mun liƙa mata godiya a baki, kuma ba don na tsaya ba da haka zai fita, mutum dubu nawa su kalla su ce kai, baiwar Allah mai tawakkali.

Shekara goma sha biyar ina alfahari ba a taɓa kama ni da ramin shiru a fim ba. Yau kunya nake ji. Ban san abin da zan yi ranar Asabar ba, don duk abin da na shirya sai in ga wata maganar ce kuma.

Ka sa mu a addu'a. Gaisuwa ga iyali.

Amininka,
Mai Tsawa

Dogo ɗan uwana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jikin mai ɗakinka, da fatan zazzaɓin ya sauka. Ka ce in ba ka labari ko da mummuna ne, to ga shi yadda yake.

Da mai studiyo muka fara. Na same shi a ofis na ce a bar wurin kicin ɗin nan yadda masu shi suka yi shi. Ya kalle ni kamar na ce a sayar da janareta. Wai shi ba makarantar koyon fim ya buɗe ba, mutanensa a kan babur da bakin shago suke kallo, in suka ji tsit za su danna gaba. Kuma ka san ba ƙarya ya yi ba. Muka yi ta ja har Anti ta sa baki, ta ce ita ma tun da ta karanta layukan suke mata nauyi. Ƙarshe ya ce a cire maganar amma a ƙara ƙarar famfo, don a san sauti na nan. Ya kuma ce in aka yi zagi ni zan amsa. Na ce na ji.

Ranar Asabar na tafi bayan la'asar, hannu rabbana, ko lemon ban saya ba. Mama ta buɗe min, ta kira 'yarta, ta koma ciki. Malama ta fito ta zauna a kujerar da ta saba, ta kama kallon labulenta. Na gaishe ta, ta amsa. Daga nan na ja bakina na rufe.

Wallahi, Dogo, ɗaukar buhun siminti ya fi wannan sauƙi. Maganganu suna ta taruwa a maƙogwarona, masu daɗi kuwa, irin waɗanda in na faɗa a makirufo ake tafa min. Na kama kaina ina ƙirga sakan kamar ina gaban allo, har lissafin ya ɓace min. Fanka tana juyawa, wani yana gyaran mota a waje. Sau biyu Mama tana leƙowa, na biyun har ta tambaya ko ba ni da lafiya ne, don ba ta taɓa jin falonta haka ba in ina ciki. Malama ta juyo ta dube ni, karon farko a wata huɗu, irin kallon mai jiran a ci gaba da wa'azi. Ban ce komai ba.

Sai ta fara, a hankali, muryarta a dishe. Ta ce ba ta haƙura ba, kuma ba ta san ranar da za ta haƙura ba. Ta ce duk lokacin da na ce wa mutane ta gode, ji take kamar ta yi ihu, amma ta ga na riga na rufe maganar. Ta ce lokacin da likita ya tambaye ta, so take a sake kawo mata yarinyar ta riƙe ta ko na minti ɗaya ne, don sau ɗaya tak aka nuna mata, tana cikin magagin allura. Ni kuma na ce babu abin da take so.

Nan na kasa. Na yi kuka, Dogo, ba irin na Turawan nan da ke tsayawa gaban taga hawaye ɗaya ya gangaro ba. Kuka na yi da murya, da majina, irin wanda nake yi wa 'yan Indiya dariya a kai. Duk surutun da na yi maka a kansu, a nan dai sun fi kowa gaskiya, ba sa jin kunyar a ga ƙato yana kuka a gaban iyalinsa. Na so in ce ta yafe min, na ga ko wannan ma katse ta zan yi, sai na bari har ta kai aya. Ta yi kusan awa guda. Ta gaya min yarinyar tana da gashi sosai, kuma kunnuwana ta ɗauko. Ni ban ma tsaya na duba ba, ina can ina karɓar baƙi.

Da na tashi tafiya ta rako ni har bakin ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba. A nan na roƙi gafara, kalma biyu, ta gyaɗa kai. Sannan ta tambaye ni ko na taɓa kayan jaririyar da ke cikin durowar ɗakinmu. Na ce ko buɗewa ban iya yi ba. Ta ce to kada in bari kowa ya taɓa, ko yayarta, ita za ta ninke su da hannunta in ta dawo. Ban tambaye ta yaushe ba.

Ka gaishe da kowa da kowa, Allah ya ƙara sauƙi, ya bar zumunci.

Naka,
Mai Tsawa