Hayaniyar Wata Mata

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka da 'yan biyu. Allah ya tsare ku a inda kuke, ya sa albarka a aikinka, ya raya mana yaran nan. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafar Gwaggo ta yi sauƙi, har ta koma yawon gidajen mutane tana gyara musu tarbiyyar 'ya'ya. Babbar 'yata ta fara koyon aikin jinya, yanzu kowa a gidan nan majinyaci ne a wurinta. Shagon ɗinki yana tafiya, sai dai keken nan na Umma ya fara tsallake zare, kuma na kasa rabuwa da shi.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa, tunda muna waya. A waya kullum kana sauri, ni kuma Baba yana zaune kusa da ni, kuma wannan magana ba ta faɗuwa a gabansa. Auta, na yi ɓarna. Na salwantar da muryar Umma da hannuna, kuma Baba yana nemanta kullum.

Ka san tsohon fim ɗin barkwancin nan da Baba ya fito a masinjan ofis, wanda ya sa har yau mutane ke kiransa Masinja a titi. Ka kuma san wurin da kowa ke jira: ya rungumo tafireta da hannu biyu yana hawa bene, mazagin wandonsa ya tsinke, ya matse gwiwoyi ya ci gaba da hawa yana gaida manaja cikin ladabi kamar babu abin da ya faru. Kai ba a haife ka ba lokacin, amma ka sha jin labarin. Ba a shirya wannan ba, da gaske mazagin ya tsinke. Umma ta kawo masa abinci a kula, tana tsaye bayan mai kyamara, kuma ita ce ya yi kwana uku yana roƙo ta canza masa mazagin tana cewa zai kai wata guda. Sai dariya ta ƙwace mata, irin tata mai ƙarewa da shaƙuwa, ta ce, “Wayyo cikina! Malam, wandonka!” Darakta ya bar shi haka don babu halin sake ɗauka. Shekara shida ke nan da rasuwarta, kuma duk duniya babu inda muryarta ta rage sai wannan wuri. Tun da mantuwa ta fara kama Baba, kullum bayan la'asar sai na sa masa kaset ɗin. Ba ya kallon sauran fim ɗin sosai. Yana zaune ne a kujerarsa ta gaban taga yana jiran benen, in ta yi dariya ya yi murmushi ya ce da ita ai ga shi nan, ya gaya mata.

Wata biyar da suka wuce wasu matasa masu kamfanin fim suka zo gida, da ladabinsu, har ƙasa suka gaida Baba. Suka ce za su sake yin fim ɗin da sababbin 'yan wasa, kuma suna so su gyara tsohon su fitar da shi tare, don yaran yanzu su san asali. Sun nema ko'ina ba su sami kaset mai kyau ba sai namu. Ni da kaina na ciro shi daga na'ura, na goge ƙurarsa da gefen mayafina, na miƙa musu. Har daɗi nake ji, wai za a tuna da Baba. Ban yi shawara da kai ba, ban yi da Gwaggo ba. Ka san halina, in na ga abu daidai ne ba na tsayawa jin ta bakin kowa, kuma ga inda ya kai ni.

Ranar da aka fara nuna sabon, suka aiko mota aka kai mu sinima, aka zaunar da Baba a layin gaba. Ba zan yi musu ƙarya ba, hoto ya fito tas, ofishin ma ya fi na da kyau nesa ba kusa ba, kuma yaron da ya fito a masinja yana da ƙoƙari. Amma da aka zo benen, sau uku wandonsa yana faɗuwa, kowane da kiɗansa, ga gajeren wando mai furanni a ciki, ga shi yana zaro ido yana kallon mutane don su san lokacin dariya ya yi. Yara sun yi ta ƙyaƙyatawa, har da nawa. Ni kuwa sai na ji kunya ta kama ni, ban san dalili ba. A mota na tambayi Baba yadda ya gani. Ya ci gaba da kallon titi ta taga, har na ɗauka ya manta inda muka je. Can sai ya ce yaron ba shi da laifi, sai dai shi ya san wandonsa zai faɗi, shi kuwa Baba a lokacinsa bai sani ba, ƙoƙarinsa kawai kada ya yar da tafiretar mutane. Ya ce mutane ba wandon suke wa dariya ba, mutumin da ke son ya tsira da mutuncinsa suke wa.

Da a nan abin ya tsaya, da ban dame ka ba. Sabo bai kai tsoho ba, to sai me? Bayan mako guda suka kawo mana tsohon a faifai, an gyara shi, fuskar Baba ta fito fes kamar jiya aka ɗauka. Na sa masa bayan la'asar. Aka zo benen, mazagi ya tsinke, Baba ya gyara zama. Shiru. Takun takalminsa kawai ake ji a kan matakala. Ya ce in mayar baya, na mayar. Sau huɗu muna yi. Sai ya juyo ya tambaye ni ko ya yi wa uwarmu wani laifi ne, don yau ta ƙi yin dariya. Auta, na shiga kicin na toshe bakina da tsumman goge kwano don kada ya ji kukana.

Washegari na rufe shago na tafi ofishinsu. Aka kai ni wani ɗaki mai sanyi, bango duk soso, wurin mai haɗa sauti. Da fara'arsa ya tarbe ni, har yana alfahari, wai kwana uku ya yi yana fama kafin ya cire hayaniyar wata mata da ta ɓata wurin benen. Hayaniyar wata mata! Allah ne ya riƙe hannuna, da jakata ta sauka a kansa. Na ce masa wannan matar uwata ce. Nan take ya shiga bincike a kwamfuta, amma sun goge sautin asali bayan sun gama gyara. Na ce to a ba ni kaset ɗina. Suka kawo shi a leda, zaren ya tsinke ya cukurkuɗe a cikin na'urarsu, daidai wurin da ya fi cinyewa saboda yawan mayarwa baya, ka san ko wane wuri ne. Sun ba da haƙuri har na gaji da ji. Ban iya zaginsu ba, don ba da mugunta suka yi ba, kuma ni na ba su.

Yanzu zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba, ko mijina. Kwana uku Baba ya ƙi cin abincin kirki, yana zaune yana kallon talabijin a kashe. A rana ta huɗu na sa masa faifan, na laɓe a ƙofar kicin bayan kujerarsa. Da mazagi ya tsinke, na yi dariyar Umma, har da shaƙuwar, na faɗi maganarta. Kowa yana cewa muryarmu ɗaya. Bai juyo ba. Na hango gefen fuskarsa yana murmushi, kuma ranar ya cinye abincinsa. Tun daga nan kullum ƙarfe huɗu nake barin abokiyar aikina da shago in taho gida in yi dariya. Mace mai shekara arba'in da bakwai, tsaye tsakanin firiji da kwandon shara, tana jiran wandon ubanta ya faɗi. In ka ga dama ka yi dariya, ni ma da wata ce da na yi. Amma abin yana cin raina. Ina yaudarar mahaifina, sannan abin da ya fi tsorata ni, in na rufe ido ina neman muryar Umma a kaina, tawa nake ji. Ban ƙara sanin ko shaƙuwar sau biyu take yi ko sau uku ba.

Kwana goma sha ɗaya ina wannan. Shekaranjiya na yi dariyar kamar kullum, sai Baba ya ɗaga hannu ba tare da ya juyo ba. Ya kira ni da Babba, sunan da ya daɗe bai tuna ba. Ya ce sannu da ƙoƙari, Allah ya yi mini albarka, amma in huta haka nan, maƙogwarona zai yi ciwo. Sannan ya ce darakta kaset biyu ya ba shi, kuma ranar da za ka tafi ya gan ka kana cusa ɗaya a ƙasan akwatinka, tsakanin riguna, ya yi shiru don ya san za ka yi kewar gida. Ya ce, “Ki rubuta wa Auta, ki ce ya ara mini uwarku, zan mayar masa.”

Shekara tara ina zargin 'ya'yana da ɓatar da wannan kaset, ashe kai ne ɓarawon. Na yafe, kuma ban taɓa roƙon Allah ya sa wani ya riƙe kayan sata da kyau ba sai yau. Na san ka canza gida sau uku, na san abubuwa suna ɓacewa. Don Allah ka duba ko'ina. In ka same shi kada ka sa shi a kowace na'ura, kada ka ba kowa ya gyara, ka naɗe shi a tsumma ka ba mai kawo maka wannan takarda, zai juyo nan da mako biyu. In kuma babu, ka gaya mini ni kaɗai, zan san yadda zan yi.

Gwaggo tana gaishe ka, ta ce ka rage ƙiba. Mijina da yara suna gaisuwa. Ka gaida maiɗakinka da kyau, ka shafa mini kan 'yan biyu, ka gaida Kawu Makaniki in kun haɗu. Baba ya hana a sa faifan tun ranar. Ya sa an juya masa kujerarsa, yanzu ƙofar gida take kallo.

Taka har kullum,
Yayarka Babba