Sunan Baba Sikazwe

Litinin, 4 ga Maris

Anti Namakau, mai duba aikina kafin ya shiga rumbun manhajojinmu na kyauta, ta ce saura ƙiris ta tsaya mini a ba ni makullin kaina na ɗora aiki a rumbun. Sharaɗinta ɗaya: in ɗauki wani ƙunshin manhaja in riƙe shi tsakani da Allah. Na zaɓi wanda ke sa tsofaffin firintocin makarantu aiki. Mai kula da shi, wani Sikazwe, ya daɗe da ɓacewa. In ba a gyara ba kafin ƙarshen wata, cire shi za a yi.

Alhamis, 7 ga Maris

Na tura wa Sikazwe saƙo, na sake turawa, shiru. Mutum ya riƙe abu, bai ci ba, bai bari an ci ba! Namakau ta ce, "Ba a ƙwace ƙunshin mutum, ƙanwata. Ki ji ta bakinsa tukuna." Al'adar nan na ba ni haushi. Sunana nake so in gani a gurbin nasa, ba wani ɓoye-ɓoye.

Asabar, 16 ga Maris

Na je Kabwe, garin da Sikazwe yake. Na tarar da shi a ƙofar gida yana ɓarar gyaɗa da lalube. Ciwon suga ya cinye masa ido. Saƙonnina suna can, ba mai karanta masa. Kunya ta kama ni.

"Au, ke ce mai son raba ni da ɗana?" Sai dariya. Matarsa ta kawo nshima, tuwon masara, shi kuwa ya yi ta zayyano mini gyaran da ka: wace firinta ce mai taurin kai, wane layi ne a manhajar kada in kuskura in taɓa. Da zan tafi ya ce, "Ɗauki, 'yata. Ki goge sunana, kada jama'a su yi ta rubuto wa makaho."

Laraba, 27 ga Maris

Gyara ya shiga ta hannun Namakau. Ƙunshi ya tsira.

Lahadi, 7 ga Afrilu

An ba ni makulli ran Juma'a. Na yi murna, har da ɗan hawaye. Jiya na ɗora aiki da hannuna karon farko. Namakau ta bugo: "Kin manta kin bar sunan Sikazwe a sama, naki a ƙasa." Na ce zan gyara in na samu sarari.

Kafin nan, tunda shi ne a sama, duk ƙorafin da ya shigo dole in kira shi in karanta masa. Bin ƙa'ida ne kawai. Yau ya riƙe ni a waya har abincina ya huce, ban katse shi ba.