Umma Ta Sayi Rigar Sanyi a Watan Agusta

Old Airport, Doha,
Satumba, 2022.

Zuwa ga Yaya Haulatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon ki yafe mini ƙarfin halin da na yi na rubuto miki. Ƙanwarki ce Nasiratu, wadda kika bari a aji shida na firamare lokacin da aka kai ki gidanki a Marseille. Na san ba mu saba doguwar hira ba. Idan kika kira, daga "ina wuni" sai in miƙa wa Umma waya. Ba abin faɗa na rasa ba, bakina ne yake yin nauyi. Ina fatan kina lafiya, ke da Yaya Ɗalhatu da Abdul-Hakim, Allah ya raya mana shi. Mu ma lafiya lau. Baba yana ta fama da direbobinsa, an ƙara musu motoci saboda gasar cin kofin duniya, har ya rame. Gwiwar Umma da sauƙi. Ni kuma na shiga ajin kusa da na ƙarshe.

Yaya, maganar yanayin garinku ce ta sa na rubuto. Duk Juma'a idan kin kira, kin san Umma ba ta wuce tambayarki ko ana ruwa, ko an fara sanyi. Abin da ba ki sani ba, kullum da safe kafin in tafi makaranta sai ta sa na duba mata shi a waya. Har yau ba ta iya faɗin sunan garin ba, sai dai ta ce in duba mata can wajen yayarki. Sunanki kuwa kin fi ni sanin ba ya fita daga bakinta, tunda ke ce 'yar fari. Ni tana kiran nawa sau goma kafin azahar, ta yi mini faɗa, ta ce in zo in kwanta kusa da ita. Ke kuwa kunya ba za ta bar ta ta ce tana kewarki ba, balle ta ce tana son zuwa.

Ke kuma kullum gaskiya kike faɗa mata. Tun farko kin ce Afrilu da Mayu sun fi daɗi, rana ba zafi, teku a kwance, ta bari sai lokacin. Muna cikin shiri korona ta shigo aka rufe ko'ina. Da kika haihu a tsakiyar sanyi, Umma ta daka miki yajin jego da kanta, ta tanadi kanwar kunu, amma babu hanyar zuwa. Ta waya ta riƙa kwatanta wa maƙwabciyarki yadda ake gasa mai jego, fuskarta ba yabo ba fallasa, kamar 'yar wani ce ta haihu. Da ta ajiye wayar ta shiga kicin ta daɗe tana wanke tukunyar da na riga na wanke. Yajin yana nan a kwalba, ƙamshinsa ya tafi, ta hana a zubar.

Bana Afrilu ya zo da azumi, Mayu da jarrabawata, ta ƙi barina ni kaɗai. A Yuli kika ce garin ya cika da masu yawon buɗe ido, ga zafi, kada ta wahala. Ta ce miki haka ne. Bayan kin kashe waya ta yi dariya, ta ce wa Baba wai mutumin Doha ake tsoratarwa da zafi, mu da ruwan famfo yake ƙona mana hannu. Makon jiya kuma kika ce daga Nuwamba akwai ruwa, da wata iska mai sanyi da ke saukowa daga arewa tana buga tagogi, gwiwarta ba za ta ɗauka ba, a jira Afrilu. Ta sake cewa haka ne.

Ba gardama nake yi miki ba. Mun yi yanayin ƙasashen Bahar Rum a aji, na kuma sake karantawa don kada in yi kuskure, duk abin da kika faɗa daidai ne. Sai dai akwai abin da ya faru a watan Agusta. Umma ta ce in raka ta unguwar Mansura sayen zare. Muka wuce shagon zaren, ta shiga na masu kayan gwanjo, ta ce a fito mata da rigar sanyi mai kauri. Mai shagon ya yi ta dariya, ya tambaya ko a cikin firji Hajiya take kwana. Ta gwada ta a kan hijabinta, gumi yana zuba, ta ce ta yi. Da muka dawo ta ce wa Baba ta saya ne saboda sanyin na'urar masallaci. Ba ta taɓa zuwa masallaci da ita ba. Tana cikin akwati, tare da wasu ƙananan takalma da na ga sun kusa yi wa Abdul-Hakim kaɗan.

Ran nan da yamma mun fita Corniche, bakin teku, ana ta kafa tutoci, mutane suna ɗaukar hoto. Umma ta tsaya wajen jiragen katako, ta tambaye ni ko wannan ruwan yana kaiwa can. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, yadda yake zagayawa ya bi Bahar Maliya ya ratsa Suwez. Ta ce to, ashe da nisa.

Ga abin da nake roƙo. Za a rufe makarantu daga tsakiyar Nuwamba saboda ƙwallo, hutun da ban taɓa samun irinsa ba. Baba ba zai samu fita ba, amma ya ce in takardar gayyata ta zo daga wajenku cikin watan nan, zai nema mana biza ni da Umma. Na ce ya faɗa miki, ya ce shi ma ai 'yar farinsa ce. Ya ce tunda ni ce mai boko, yalla, maza in rubuta. Idan wannan hutun ya wuce, baɗi shekarar jarrabawata ta ƙarshe ce, na san ba za ta motsa ba, sai kuma wata shekarar. Abdul-Hakim har ya fara kiran waya da sunan Kaka.

Don Allah kada ki ce mata na rubuto. Ranar Juma'a idan ta tambaye ki yanayi, ki faɗa mata gaskiya yadda kika saba, ki ce sanyi yana tafe da iskarsa. Sai ki ƙara da cewa ta taho da rigar sanyi. Tana da ita.

Ki gaishe da Yaya Ɗalhatu, da maƙwabciyarki Inna Ajaratu da ta tsaya miki lokacin jego, Allah ya saka mata. Ki shafa mini kan Abdul-Hakim. Baba yana sa muku albarka. Umma ba ta ce a gaishe ki ba, amma yanzu ta leƙo ta tambaya ko ana ruwa a can.

Idan ban ɓata miki rai ba, ki ba ni izini in riƙa rubuto miki, ko da ba a kan yanayi ba.

Ƙanwarki,
Nasiratu Tanko