Saiwar Ciyawar Alhaji Sada

Iklima,

Yau akwai rigima a gidan nan. Alhaji Sada, mai gidan da muke haya, zai dawo daga Umara da la'asar, kuma zai nemi ciyawar adon da ya ba ni amana. Ɗazu na tarar kin tone ta, kin yanke saiwoyinta kin shanya. Mamanki ta ce wai kin ɗauka kajiji ce, za ki haɗa turaren wuta. Wa ya aike ki? Ba ki da bakin tambaya?

Na mayar da ragowar cikin tukunyarta. Kina dawowa daga islamiyya ki ja ta inuwa, ki zuba mata ruwa, kada ƙasar ta bushe.

Na tafi Ƙofar Kwaya neman irinta. Ban san ko zan samu ba, ban kuma san ko wannan za ta rayu ba.

Babanki