Shekara Biyun da Na Ƙara wa Usmanu

Ƙanena Haruna,

Salamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar Hajiya? Mu nan Hasahisa sai godiya.

Ɗanmu Usmanu ya nemi bizar aikin injiniya a waje. Can maki suke bayarwa: na shahadar jami'a, wato digiri, na Turanci, na ƙuruciya. Ko'ina ya cika, sai wajen shekaru aka rage masa, bai kai ba.

Ka tuna ni na ƙara masa shekara biyu a takardar haihuwa, don ya shiga makaranta tare da wansa? Da aka hana shi bizar, abin da Usmanu ya ce mini kawai, "Baba, rabo ne." Wallahi da faɗa ya yi mini, da na fi samun sauƙi.

Gaida yara. Ku sa shi a addu'a, ni kuma ku roƙa mini gafara.

Wanka,
Isa