Wuƙa Daidai Tafin Hannu

Talata, 4 ga Fabrairu

An karɓe mini wuƙata yau. Ba da faɗa ba, gara ma da faɗan ne.

Na shiga wanka na bar wandona a kan gado. Mutuniyar, jikata, ta shigo tana 'yan lalube-lalubenta ta zaro ta daga aljihu. Shekararta huɗu. Uwarta, 'yata Auta, ta same ta zaune a ƙasa tana ƙoƙarin buɗewa da haƙori. Ihun da Auta ta yi har banɗaki na jiyo shi, na fito da kumfa a kunne.

Da mijinta ya dawo aiki ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina, idonsa a ƙasa. "Baba, a yi haƙuri. Ko za a ajiye ta a sama, saboda yarinya?" Me zan ce? Gidansa ne, 'yarsa ce, kuma gaskiyarsa. Na ce a ajiye. Auta ta hau kujera ta ɗora ta can saman kabad.

Shekara talatin da wani abu tana aljihuna na dama. A naɗe ta kusa taƙi guda, ƙotarta ta yi baƙi don gumi. Da ita na yanki igiyar tamfol, na fere waya, na datse tiyo a tsakiyar daji lokacin da mota ta tafasa. Babbar mota ta bar hannuna tun da likita ya ce idona ba zai ƙara hanya ba. Uwar yara ta rasu. Aka kwaso ni nan. Yanzu kuma ita.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Hannuna sai kai kansa aljihu yake. Wandon ma ya canza tsayuwa, gefe ɗaya ya yi sakayau.

Suna fita da safe gidan ya mutu. Firji ne kawai ke magana. Na zauna a baranda ina kallon rufin motoci daga hawa na uku, ba na gane lamba, sai kala. Na ɗauki lemo, na shiga kicin neman abin ferewa, na tarar an kulle wuƙaƙen kicin ɗin ma a durowa. Da farce na ɓare shi, ruwan ya fantsama mini a ido.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Ba abin rubutawa. Gaisuwar safe, gaisuwar yamma.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Na sauka na bi bakin titi har shagon kayan ƙarfe da ke bayan gidan mai. Mai shagon wani mai sanƙo ne, fensir a bayan kunne. Na ce ina son wuƙar aljihu wadda ba za ta tsorata kowa ba. Ya yi dariya ya ce, "Baba, waye ya tsorata?" Na ce mutanen gida.

Ya jera mini uku a kan kanta. Babbar ta yi kama da tawa, sai dai ƙotar roba ce, ban ko taɓa ta ba. Ta tsakiya. Sai wata 'yar mitsitsiya kamar ɗan yatsana na ƙarshe, har da zoben rataya makulli. Ya fara yi mini bayani, wai a duba hannu, a duba aikin da za a yi, ni dai ban saurara ba. Na ɗauki ƙaramar. Na ce a raina wannan ko surukina ya gani ba zai durƙusa ba.

Na so in ɗan zauna, akwai benci a ƙofar shagon. Masu saye suka yi yawa. Na tsaya kamar mai karanta kwalin ƙusa, sannan na tafi.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Wannan ba wuƙa ba ce, abin yankan farce ne. Yatsu biyu kawai ke samun wuri a ƙotar, sauran suna lilo. A aljihu kuma ɓacewa take, sai na zazzage komai kafin in same ta a lungu.

Tiyon injin wanki yana ɗiga tun zuwana, kullum Auta na sa bokiti. Na ce bari in datse bakin da ya tsage in mayar. Ina dannawa sai wuƙar ta naɗe a kan yatsana. Ba ta da makullin da zai hana ta naɗewa ashe. Jini kamar an yanka kaza. Na ɗaure da tsumma, na goge tayil tas, na mayar da bokitin yadda yake.

Ni da na yi shekaru da wuƙa mai taƙi guda ba ta taɓa cizona ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Auta ta gani. Wajen miƙo mini shayi ta kama hannun ta kwance tsumman, ta wanke, ta sa magani. Sannan ta ce, "Baba, fisabilillahi me za ka yanka a gidan nan? Komai ana yi maka. Ka huta mana."

Na san da tausayi ta faɗa. Amma tun ɗazu maganar ke juyawa a kaina. Me zan yanka. To, haka ne. Ba abin da ke jirana a gidan nan sai kwanon abinci.

Na ce shayin ya yi zaƙi da yawa, alhali daidai yake.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na kira Dogo, abokin tafiyata na da. Yana tasha, ina jin hon da ihun masu lodi a bayansa, har warin baƙin mai sai da na ji a hancina. "Kai, tsoho! Kana nan da rai? Bari in gama lodi in kira ka."

Na ajiye wayar a cinya har la'asar. Wataƙila lodin ne ya yi yawa.

Talata, 18 ga Fabrairu

Na koma wajen mai sanƙo. Ya kalli yatsan ya ce, "Ai na so in faɗa maka." Wannan karon na zauna na saurara.

Ya ce in buɗe tafin hannuna. Ya ɗora ta tsakiyar a kai a naɗe, ya ce in dunƙule. Ta ɓace a ciki, kanta kaɗan ya leƙo. Ya buɗe ta ya ce in riƙe. Yatsu huɗu duk suka zauna, babban ya samu wurin dannawa. Ruwanta bai wuce faɗin tafina ba. "Ka ga," in ji shi, "wadda ta fi haka, nauyinta zai sa ka riƙa barinta a gida, ko mutane su riƙa kallonka. Wadda ba ta kai haka ba, ita ce mai cizo. Hannunka babba ne, Baba, ba ka da yadda za ka yi da shi." Tana da makulli, sai an danna wani ƙarfe da ƙarfi take buɗuwa ko rufuwa. Ya ce yaro ba zai iya ba.

Na ce tawa ta da ta fi ta. Ya ce ba mamaki, amma wancan aikin daban, wannan zaman daban. Ban ji daɗin maganar ba.

Ya ce in tafi da ita in gwada, in ta zauna mini in dawo mu yi ciniki. Bai san ko gidana ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na nuna wa surukina da kaina, kafin a gano. Ya jujjuya ta, ya kasa buɗewa, sai da na nuna masa. Ya ce, "Ai wannan ba laifi, Baba." Na ce zan riƙa kwana da ita ƙarƙashin filo. Auta tana wanke-wanke, ba ta juyo ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Akwai wani tsoho a hawa na ƙasa, malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Tun zuwana muke ɗaga wa juna hannu, ba mu taɓa wuce haka ba. Yana da 'yan itatuwa a cikin robobin fenti a bayan gini, wajen tankin ruwa.

Yau na sauka zubar da shara na tarar da shi yana fama da reza da wani reshe, hannunsa na rawa kamar mota a kan gargada. Ya ɓata reshe wajen uku. Na tsaya. Ya ce aure yake son ɗaura wa lemon tsaminsa da lemon zaƙi. Na ce wa ya biya sadaki? Ya yi dariya har da tari.

Na ce ina da wuƙa. Ban san lokacin da na faɗa ba.

Shi ya nuna mini komai, don ni ban taɓa yi ba. A fere reshen zaƙin kamar bakin biro, gefe da gefe, jan hannu ɗaya, kada a yi ta sassaƙa. A tsaga uwar, wato na tsamin, a tsakiya, a cusa, ɓawo ya haɗu da ɓawo, a naɗe da leda. Ni ba na ganin ɓawon sosai, shi ke cewa, "Matsa hagu, Direba. Tsaya. Nan." Na farko na zarce na tsaga uwar har ƙasa, ya yi salati. Sauran biyar sun yi, in ji shi.

A nan na ga amfanin gajeren ruwa. Da tsohuwar tawa ce, da tsininta yana can nesa da yatsana, ban san inda yake shiga ba.

Mun zauna a kan bulo muka sha ruwa. Matarsa na nan amma tana kwance ba lafiya, ba ta tashi. Bai tambaye ni tawa ba, ni ma ban faɗa ba.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Kullum bayan sun fita sai in sauka. Malam ya ce ba a buɗe ledar yanzu, ba a kuma taɓawa. To me muke yi? Zama. Yana da surutu, duk labarinsa na ɗalibai ne da suka zama manya ba sa gaishe shi. Wani lokaci yana gundurata. Jiya ban sauka ba don haka, na wuni a baranda, sai na ga firjin ya fi shi gundura.

Litinin, 3 ga Maris

Na je na biya mai sanƙo. Ya ce ta zauna? Na ce tana ƙoƙari. Na ba shi ƙaramar kyauta, ya rataya a makullin shago.

Asabar, 8 ga Maris

An kawo buhun shinkafa. Auta ta leƙo ɗakina ta ce, "Baba, zo ka buɗe mana wannan ɗinkin, ya gagare ni." Na je na zare zaren da tsinin wuƙa, ya warware tsaf. Ina miƙewa na hango almakashi a kan firji, kusa da hannunta.

Na yi kamar ban gani ba. Ita ma. Mutuniyar ta ce, "Angona ya iya!" Na ce ai dole, ko kin ga na tsufa ne?

Da na koma ɗaki na daɗe zaune a bakin gado.

Talata, 11 ga Maris

An kwantar da matar Malam a asibiti, can kusa da gidan babban ɗansu. Ya tafi da jaka ɗaya. Ya hau har hawa na uku yana haki don ya ba ni makullin famfon baya. Ruwa kaɗan, da safe, kada ya taɓa ledar. In na ga tsiro ya fito daga ƙasan auren in yanke shi, na uwar ne, zai shanye ƙarfin. Na ce yaushe za ka dawo? Ya ce, "Sai yadda ta yiwu, Direba."

Bayan gini shiru. Na zauna a bulona, nasa ba kowa.

Alhamis, 13 ga Maris

Uku sun bushe, sun yi baƙi a cikin leda. Ban san ko ni na yi wani abu ba.

Asabar, 15 ga Maris

Dogo ya kira. Shi da kansa. Ya samu doguwar tafiya, har bakin teku, zuwa da dawowa kusan sati biyu. Ya ce in zo in zauna a gefensa, ba tuƙi, hira kawai, in hana shi gyangyaɗi. "Ka fito ka sha iska, tsoho, kafin bene ya kashe ka." Gobe da sassafe za su tashi, zai biyo ta gidan mai ya ɗauke ni.

Murna ta kama ni. Na ce masa zan duba. Har na jawo jaka daga ƙarƙashin gado.

Lahadi, 16 ga Maris

Ban tafi ba. Na kira shi tun jiya da yamma na ce bayana ba zai ɗauki zaman mota ba. Kuma gaskiya ne, yana ɗan taɓa ni kwanan nan. Ba don komai ba ne.

Na sauka da safe na ba su ruwa. Na yanke tsiro biyu daga ƙasan auren kamar yadda ya ce. A na ƙarshen, wanda ke jikin tanki, na ga kamar wani abu a saman reshen, idona bai tabbatar ba. Na sa ɗan yatsa a hankali. Akwai ɗan tudu, mai laushi, kamar ƙwayar shinkafa.

Na kira Malam. Yana cikin ɗakin marasa lafiya, da raɗa yake magana. Ya ce kore ne ko ruwan ƙasa? Na ce ban sani ba, bari in kira Auta ta duba mana.

Ta sauko da ludayi a hannu. Ta ce kore ne.